Gaba Shida a Ƙarƙashin Tungan Maje

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na tarar da ku a gindin mangwaron coci kuna lissafa sana'o'in da mutum zai iya kamawa ba tare da ya koya ba. Na ji ɗayanku ya ce, "Haƙa rijiya mana. Diga da shebur, shi ke nan. Ko Baba Yohanna da ƙafa ɗaya da rabi yana yi." Kuka kwashe da dariya, da kuka waiwayo kuka gan ni kuma kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Ban ji haushi ba, ƙafa ɗaya da rabin gaskiya ce. Amma tun da kun taɓo ta, bari in gaya muku inda na bar rabin. A wata rijiya ce a Tungan Maje, wadda ya kamata mu gama cikin mako uku, ta ɗauke mu wata goma sha huɗu, ta kuma kusa raba ni da sana'ar da abokin aikina gaba ɗaya. Sai dai ba za ku gane labarinta ba sai kun san yadda ake aikin. Ku yi haƙuri da ni, ba na sauri, ko a tafiya ko a magana.

Rijiyar farko da na yi wa aiki a garinmu ce, Paikon Kore, a bayan gidan wani manomin doya. Ina da shekara goma sha tara. Maigidana Baba Tanko, gajeren tsoho mai faɗin kafaɗa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai za ka tsaya a sama." Na ɗauka na kwana biyu ne. Shekara guda cur ban sa ƙafa cikin rami ba. Ina jan bokiti, ina zubar da ƙasa nesa da baki, ina duba igiya taki-taki kowace safiya ko ta fara cinyewa. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ce wanda bai iya tsayuwa a sama ba, bai san abin da yake ɗora wa wani ba ranar da ya sauka.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma ba wanda za ka saya a kasuwa ka yi aiki da shi yadda ka saye shi. Diga sai an yanke mata ƙota ta dawo tsawon kamu ɗaya da ɗan wani abu, domin a cikin rami ba wurin ɗaga hannu. Shebur ma haka. Akwai dagi na fasa marmara, da guduma da cizal idan aka ci karo da dutse. A sama ana kafa gwafa biyu, a gicciya gungume mai santsi, igiya ta bi ta kansa. Igiya biyu ce, ta bokiti daban, ta mutum daban, kuma ba a taɓa aron ɗaya a yi aikin ɗaya. Bokiti ba a cika shi. Tsakuwa guda da ba ta kai ƙwan kaza ba, in ta faɗo daga gaba biyar, ta isa ta kwantar da ƙato. Gaba ita ce ma'auninmu, tsawon hannu biyu a buɗe.

Ƙasa kuma karatu ce. A wannan yankin namu za ka fara da baƙar ƙasar noma, ka shiga ja, ka tarar da marmara mai cin bakin diga, sannan yumɓu, sannan wata ƙasa mai ƙyalli kamar an barbaɗa mata garin gilashi. In ka ga wannan, ka dafa tafin hannunka a bango. Za ka ji wani sanyi da ba irin na inuwa ba. Ruwa ya kusa ke nan, ko da idonka bai ga ɗigo ba. Ina da wani tsohon littafi da nake rubuta ƙasar kowace rijiya a ciki, da ajami, don shi na fara koya kafin boko. Mahaifiyata Kirista ce, yayanta kuwa, Kawu Isa, malami ne, a zaurensa na zauna tare da 'ya'yansa har hannuna ya faɗa. Gidanmu haka yake, wasu coci, wasu masallaci, tukunya ɗaya.

Abin da ya fi kashe masu rijiya ba rushewa ba ce, iska ce. Akwai wata rijiya da muka je yashewa a Gwagwalada, ta shekara biyu a rufe. Baba Tanko ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta da igiya, tana kaiwa gaba uku ta mutu kamar an hure ta. Ya sa muka saro rassan dogon yaro, muka ɗaure, muka yi ta zurawa muna jawowa har rana ta take, sannan fitilar ta yarda ta kai ƙasa da ranta. Muguwar iska ba ta da wari, ba ta da zafi. Barci take sa mutum, mai daɗi ma. Na ƙasa ba zai san ta kama shi ba, na sama ne zai ji a muryarsa, in harshe ya fara nauyi.

Wannan ne ya sa muke da doka, kuma ita ce gaba da duk kayan aikin da na lissafa. Na sama ba ya barin bakin rijiya, kuma ba ya yin shiru. Duk bokitin da ya hau, sai ɗaya ya tambaya, "Kana nan?" ɗayan ya amsa, "Ina nan." Ko kun yi faɗa da safe, ko ba ku ga maciji da juna, sai kun yi. Doka ta biyu, ba a aikin rijiya da ƙasa da mutum uku: na ƙasa, mai igiya, da mai zubar da ƙasa, wanda shi ne ɗan aike in wani abu ya faru.

Da Baba Tanko ya rasu, wanda ya riƙe mini igiya shi ne Garba, ɗan Kawu Isa. Taubashina ne, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Yana ce mini Fasto, ina ce masa Liman, alhali ba wanda aka taɓa ba wa ko da tsintsiyar wurin ibada a cikinmu. Garba ƙato ne, hannunsa kamar faranti, amma ko tsani ba ya son hawa, balle ya sauka rami. Shekara ashirin da biyu yana sama ina ƙasa.

"Fasto, kana nan?"

"Ina nan, Liman. Kai dai kar ka yi gyangyaɗi."

"Ka yi sauri, azahar ta kusa. Ni ba irinka ba ne mai salla sau ɗaya a mako."

In lokacin sallarsa ya yi, sai in fito in sha iska, don ba ya barin igiya ga kowa.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai manoma 'yan uwanmu da za su kawo maka tuwo da miyar karkashi har bakin rami. Akwai ma'aikatan gwamnati da suka sayi fili a bayan gari, su zo ranar Asabar da mota, su tsaya nesa suna tambaya, "Oga, yaushe za a ga ruwa?" kamar ni na ajiye shi. Wata hajiya ta taɓa cewa in matsar da rijiyar da ta kai gaba huɗu zuwa wancan lungun, don ta fasa, nan take son ajiye mota. Garba ya ce, "To Hajiya, kama can in kama nan." Ta yi dariya har da riƙe ciki, rijiyar ta zauna inda take.

Alhaji Aminu, mai rijiyar Tungan Maje, ba ya cikin masu wahalarwa. Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, mutumin arewa, mai sanyin magana. Yana gina gida a sabuwar unguwa, inda ba kowa sai kangwaye da ciyawa, titi kuma da ɗan nisa. Muka fara a ƙarshen rani. Aiki ya tafi lafiya har muka kusa cika gaba shida. A nan ne na ga wani jirwaye a bangon gabas, ƙasa baƙa-baƙa mai laushi, da ɓaraguzan bulo a ciki. Wato an taɓa haƙa rami a gefen, aka cike shi, ƙasar ba ta kama jikinta ba. Duk mai rijiya ya san abin da ake yi in an ga haka: a fito, a jira zoben siminti su bushe, a zura su su tokare bango, sannan a ci gaba daga cikinsu. Zobenmu kwana uku ke nan da zubawa, suna bukatar wani mako. Hadari kuma ya fara haɗuwa da yamma. Ranar kuma na ukunmu, Audu, ya tafi jana'iza ƙauyensu.

Garba ya ce, "Fasto, mu biyu ne fa."

Na ce, "Kamu ɗaya zan ƙara in ga ƙasar, in fito. Tun jiya nake jin sanyin a hannuna."

"Zoben fa?"

"Liman, yau ka zama injiniya?"

Ya ɗaura mini igiya. Ku lura da kyau, doka biyu na karya da bakina a safiya ɗaya, kuma ba don rashin sani ba. Wanda bai sani ba tsoro yake ji. Wanda ya shekara talatin yana fita lafiya shi ne yake cewa kamu ɗaya kawai.

Hantsi ya ɗaga, na cika gaba shida, na aika bokiti na bakwai. Ban ji ƙara ba. Wani ɗan yashi ne ya zubo mini a wuya, na ɗaga kai, sai bangon gabas ya taho gaba ɗaya. Da na dawo hayyacina, ƙasa ta kama ni har ƙirji. Hannun dama yana binne, na hagu yana sama kusa da fuskata, yadda Baba Tanko ya koya mana mu yi. Wani falalen marmara ya danne ƙafar hagu, na kuma san ta karye, don na ji ta a inda ƙafa ba ta zama. Igiyar jikina ta binne tare da ni. Kunnuwana cike da ƙasa, suna ta ƙugi. A sama ina hango haske, ɗan kewaye kamar faifai, ƙura tana yawo a ciki.

Na tofar da ƙasar bakina na ce, "Kana nan?"

Shiru.

Na sake. Na sake na uku, da duk iskar da ta rage mini. Ba kan Garba a bakin rijiya, ba muryarsa. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jefa wannan tambaya ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Daga baya na ji cewa ya yi ta ƙwala mini kira yana cewa zai je neman mutane, kunnena ne bai ɗauka ba. Waya tana aljihunsa, amma wa zai kira da zai iso kafin sauran bangon ya sauko? Hannuwa yake bukata, hannuwa kuma suna bakin titi, wurin masu buga bulo. Ni dai a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani, na kira, ba a amsa ba.

Ƙasa tana da wata ɗabi'a. Duk sanda ka fitar da numfashi, sai ta matso ta cike gurbin, numfashi na gaba ya fi na baya ƙanƙanta. In ka yi kokawa, ka taimake ta. Don haka na tsaya cik, ina shan iska kaɗan-kaɗan kamar mai kurɓar kunu mai zafi. Bakina kuwa bai daina aikinsa ba. Abin da ya saba shi yake yi, kana nan, kana nan, a hankali, ba don Garba ba kuma. Can na lura da wanda nake tambaya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na ji murya ko na ga wani haske ba. Ban ji ba, ban gani ba. Abin da ya zo mini shi ne alkawarin nan da muka sha ji tun muna yara, wanda mahaifiyata take maimaitawa in tana shafa mana magani: Ubangiji ya ce ba zai rabu da nasa ba, ba zai yashe su ba, ko cikin ruwa ko cikin wuta. Sau nawa na ji shi a coci ina tunanin abincin rana. A ramin nan na auna kalmominsa ɗaya-ɗaya, kamar yadda nake duba igiya. Bai ce bango ba zai rushe ba. Bai ce ƙafa ba za ta karye ba. Cewa ya yi yana tare da ni. Na kuma san haka ne, kamar yadda nake sanin ruwa ya kusa tun ban gan shi ba, ta sanyin nan a tafin hannu.

Wani abu kuma da ban taɓa tunani ba sai ranar. Duk rayuwata na ɗauki Allah a matsayin na sama, mai riƙe da igiya, ni ina ƙasa ina aiki. To ga igiya ta binne, ga baki ba kowa. Sai na tuna Yesu Almasihu da kansa an sa shi cikin ƙasa, an rufe da dutse. Ya san duhun, ya san nauyin. Ba leƙowa yake daga baki yana ce mini in yi haƙuri ba. Yana nan ƙasa, gaba shida, inda ba wurin mutum biyu.

Daga nan na kama aiki. Hannu ɗaya gare ni, na fara yaye ƙasa daga ƙirjina, tafi ɗaya, in tura ta baya, in huta, in tambaya, in ƙara tafi ɗaya. Rabin abin da na yaye yana dawowa. Ban damu ba, na ce ko fita zan yi ko tafiya zan yi, ba ni kaɗai ba ne, kuma ba za a same ni da hannu a naɗe ba. Garba ya ce minti ashirin ya yi. Ni na ce masa agogonsa na ƙarya ne.

Sai ga hayaniya, sai ga kansa ya toshe hasken. "Yohanna! Kana nan?" Ranar ce ya fara kiran sunana na yanka.

Na ce, "Ina zan je?"

Ya zo da masu bulo shida da 'yan acaɓa. Duk suka yo bakin ramin a guje, kowa yana son gani. Ina ji yana daka musu tsawa, "Ku ja baya! Wallahi duk wanda ya matso sai na kwaɗa masa shebur! Nauyinku zai ƙarasa shi!" Wani yana cewa, "Oga, a ja shi da igiya mana!" Garba ya ce, "A ja shi a bar ƙafar a ciki? Kawo durom ɗin can." Suka fasa gindin durom ɗin ruwan magina, suka zuro shi a hankali ya kewaye ni, ya zama garkuwa. Suka shimfiɗa katakai a baki. Sannan aka zo ga wanda zai sauka. Masu bulo suka dubi juna. Mutumin da ko tsani ba ya hawa ya ɗaura igiyar bokiti a ƙugunsa, ya nuna wa mutum huɗu yadda za su riƙe, ya sauko idonsa a rufe yana ta salati. Da kwanon cin abincinmu ya yi ta kwasar ƙasa, yana tsaye a kan gefen durom. Na ce, "Liman, ka taka mini kai." Ya ce, "Yi shiru, da ka ji magana da yanzu muna gida." La'asar sakaliya suka fito da ni.

Ramin wuni ɗaya ne. Shekarar da ta biyo baya ita ce doguwar. An yi wa ƙafar aiki, ta ƙi, ciwon ya yi ruwa, aka sake buɗewa aka yanke wani ɓangare na ƙashin. Damina ta zo ta wuce ina kwance ina kallon rufin ɗaki. Matata Saratu ita ta riƙe gidan, tana ɗaukar doya a kafaɗa zuwa kasuwa, ta dawo ta wanke mini ciwo. Zumuntar mata ta cocinmu sun yi ƙoƙari, Allah ya sāka musu. Masu zuwa gaisuwa kuwa kowa da tasa. Wani dattijo ya zauna a bakin gadona ya ce, "Ɗan'uwa, ka binciki kanka, irin wannan ba ya zuwa haka kawai." Na ce, "Na bincika, Baba. Ban jira siminti ya bushe ba." Wani kuma ya ce in na ba da gaskiya sosai, kafin wata ya mutu zan yi gudu. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ƙafar tana nan yadda take. Da a kan warkewa na kafa bangaskiyata, da ta rushe kamar bangon gabas. Amma ni na riga na auna alkawarin, na san abin da ke ciki da abin da ba ya ciki. Kowace safiya, kafin Saratu ta kawo ruwan zafi, sai in yi tambayata, in tashi zaune, in lanƙwasa gwiwar sau goma ko da hawaye na zuba.

Alhaji Aminu ya zo duba ni sau uku. A zuwa na ukun ya ce, "Baba, ramin nan na sa an rufe da kwano. Ina ganin a cike shi kawai, in kira masu bohol, su haƙa ta burtsatse."

Na ce, "Alhaji, ka yi bohol ɗinka, ba zan hana ka ba. Amma ramin ka bar mini shi."

"Me za ka yi da shi, da wannan ƙafar?"

"Akwai ruwa a ƙasansa, na taɓa sanyinsa. In kuma ban sauka wannan ba, ba zan ƙara sauka wata ba."

Ya ce iyalinsa za su tare bayan rani mai zuwa, kuma ba zai kawo yara gida da buɗaɗɗen rami ba. In ruwan farko ya sauka ban gama ba, zai cike. Na ce na yarda.

Saura mai igiya. Garba tun da aka sallamo ni bai zauna a ɗakina ba. Yakan zo ya ajiye doya a ƙofa, ya gaisa da Saratu, ya juya. Na ji ya koma dako a kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba. Da na fara takawa da sanda, na hau mota na same shi yana sauke kankana daga tirela.

Na ce, "Liman, an ce ka zama ɗan kasuwa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Me ya fito da kai da wannan ƙafar?"

"Igiya nake nema wa hannu."

"Nemi wani." Ya ajiye kankanar. "Na bar baki, Yohanna. Kana kira, ba na nan. Saratu ta gaya mini sau uku ka kira. Tun farko ma da na ƙi ɗaura maka, da ba a yi haka ba. Wanda ya bar baki sau ɗaya ba ya sake riƙe igiya, kai ma ka sani."

Na ce, "Da ka tsaya kana amsa mini, da yanzu kana amsa wa kabari. Mutum ba ya iya tsayawa ya kuma tafi neman taimako a lokaci ɗaya, shi ya sa aka ce mutum uku, ni na mai da mu biyu. Abin da kake tuhumar kanka da shi, ba aikin ɗan Adam ba ne. Ɗaya ne kaɗai yake iya kasancewa ko'ina, kuma bai bar wurin ba ko na ƙiftawar ido. Ban zauna ni kaɗai ba, Garba. Ka sauke wannan kayan, ya fi kankana nauyi."

Ya goge fuska da hularsa. Can ya ce, "Yanzu dai ka zama Faston gaske."

"Litinin, da sassafe. Ka zo da Audu."

"In ka ƙara ce mini kamu ɗaya, a cikin zoben zan ɗaure ka."

Muka koma a tsakiyar bazara, zafi kamar ya dafa mutum. Muka zuba sababbin zobe, muka ba su kwanakinsu cif, muna yayyafa musu ruwa safe da yamma. Kafin na farkon ya bushe, wanda zai zauna can ƙasa, na ɗauki ƙusa na yi rubutu a cikinsa da ajami. Alhaji Aminu ya zo ranar, ya sa tabarau ya duƙa yana haɗa baƙaƙen da ƙyar. "Baba, ka fi ni wannan karatun, mu boko ya cinye mu. Ya... na... nan. Yana nan. Wa ke nan?" Na ce, "Wanda na tarar a ƙasa." Ya gyaɗa kai ya ce, "Allahu Akbar. Amma ruwa zai rufe shi, ba mai karantawa." Na ce ai ba don a karanta na rubuta ba.

Ranar da zan sauka, na tsaya a baki na dubi ramin. Garba ya duba ƙullin igiyar sau uku. Na yi addu'a gajeriya, na ba da baya, na sauka. Muka yi ta kwashe abin da ya rushe daga cikin zobe, suna nitsewa ɗaya bayan ɗaya, ana ɗora wani a sama. A kwana na tara na tono digata, da takalmin robana na ƙafar hagu, yana nan a ƙarƙashin falalen. A kwana na goma sha ɗaya, hadari yana ta gurnani a gabas, na kafa dagi, na zare, sai ramin dagin ya ciko da ruwa, a hankali, har ya malalo ya taɓa mini yatsu. Kamu ɗaya ne ƙasa da inda na kwanta. Ashe ban yi kuskure a kan ruwan ba, a kan jira na yi.

"Fasto, kana nan?"

"Ina nan, Liman. Zuro kwano."

Na aika masa da na farko, jajir da laka. Audu ya ce Garba bai ko tsaya lakar ta kwanta ba, ya kafa kai ya shanye.

Yau shekara shida ke nan, ƙafar ba ta ƙara tsawo ba, kuma in sanyi ya shigo tana tuna mini da kanta. Na haƙa rijiya goma sha ɗaya bayan wannan, kowace da rubutun nan a zobenta na ƙasa. Ku kuma, na san wasunku suna cikin nasu ramin, takarda a hannu ba aiki, ko ciwo a gida, kuna kira kuna jin shiru. Ba zan ce muku gobe za a jawo ku ba, ban sani ba. Abin da na sani na gaya muku, kuma da ƙafata na biya kafin in sani. Ku yi tambayar, ku yaye tafi ɗaya, ku ƙara.

Wanda kuma ya ce diga da shebur ne kawai, muna da aiki a Paikon Kore ranar Litinin, Audu ya tsufa, muna neman na uku. Ya zo da tsofaffin kaya. Ba zai taɓa diga ba bana. A sama zai tsaya, kusa da Garba, ya koyi amsawa.